Fita da ɗalibai unguwannin Birni da Zango na Damagaram: abin da ido ke samu wanda hoto ba ya bayarwa

Tambaya: Wata malamar tarihi da ke koyarwa a wata lise, wato makarantar sakandare, a nan Damagaram ta aiko tana cewa, in ta zo darasin zane-zane da gine-ginen gargajiya, hotunan littafi da na waya take nuna wa ɗalibanta. Tana so ta fita da su su gani da idonsu, amma shugaban makaranta ya ce ɓata lokaci ne tunda hotunan suna nan. Shin fitar na da wani amfani na daban? In akwai, yaya ake shirya ta?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Shugaban naku yana da gaskiya ta fuska ɗaya. In fitar ita ce a jera yara sittin a ƙofar fada, wani ya yi musu jawabi, a ɗauki hoto a koma, to gara a zauna a aji. Hoto ya isa ya nuna siffar zane, a san dagi ne ko tauraro. Abin da ba ya iya nunawa shi ne girman abu, zurfinsa, kayan da aka yi shi da su, da gyare-gyaren da suka hau kansa shekara da shekaru. Kuma daga nan ne ake gane yadda aka yi abu da lokacin da aka yi shi. Saboda haka ki gina fitar a kan abin da hoto ya kasa, sauran ki bar wa aji.

Girma ne ya fi saurin ɓacewa. A fuskar waya ko a majigi komai tsawonsa ɗaya. Zanen Mona Lisa da ke gidan tarihin Luvur a Faris santimita 77 ne a tsaye, 53 a kwance. Babban raƙumin dawan da aka sassaƙa jikin dutse a Dabus, arewa da Agadas, ya haura mita 5. Hasumiyar babban masallacin Agadas mita 27 ce. Ɗalibin da ya ga ukun a shafi ɗaya ya haddace lambobin, amma jikinsa bai san bambancinsu ba. Ki tsayar da shi a cikin tsohon zaure a Birni, ki ce ya auna faɗin ɗakin da kaurin bangon a bakin ƙofa, nan take tambayoyi za su fara fitowa daga bakinsa. Me ya sa bangon ya fi kauri a gindi, yana sirancewa yana hawa? Me ya sa ɗakunan talakawa ƙanana ne, zauren mai hali kuwa ya buɗe? Amsar tana cikin azara. Azarar giginya ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazarar da ke ƙarƙashinta ta wuce kusan mita 2. Wanda ke son ɗaki mai faɗi dole ya kafa ginshiƙi a tsakiya, ko ya nemo maginin da ya iya bakan gizo, inda ake fito da azara daga jikin bango hawa-hawa, kowane hawa ya ɗan zarce na ƙasansa, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. In bakuna suka gitta juna a tsakiyar rufi, shi ne ɗaurin guga. Ke nan faɗin zaure shaida ne a kan dukiyar mai gida da gwanintar maginin da ya iya ɗauka. Wannan darasin tattalin arziki ne da na sarauta, kuma igiyar awo ce ta koyar da shi.

Sai zurfi, wanda a ganinmu shi ne ya fi cancantar a ɓata masa lokaci. Adon bango a ƙasar Hausa ba hanya ɗaya ake yin sa ba. Akwai wanda ake ɗora ƙasa a kan ɗanyen yaɓe, a murza da hannu har zanen ya taso waje. Akwai wanda ake yanka a cikin yaɓe ko siminti tun bai bushe ba, zanen ya nutse ciki. Akwai shafen da ake bi da tafin hannu da yatsu a bar sawunsu a jere. Akwai kuma wanda fenti ne kawai a kan lafiyayyen bango. A hoton da aka ɗauka daga gaba, musamman in an bi zanen da launi, duk kamarsu ɗaya. A tsaye a gefen bango kuwa, yaro ɗan shekara goma sha biyar zai bambance su cikin minti biyu. Mai tasowa yana da kafaɗa mai laushi, don yatsa ne ya gyara shi. Yankakke yana da baki mai kaifi, wani lokaci har da alamar inda wuƙa ta zame. Na fenti ba shi da inuwa ko kaɗan.

Inuwa ce ke fito da wannan duka, don haka ki zaɓi lokaci da la'akari da inda bangon ya fuskanta. Mutane da yawa suna zuwa da sassafe su tsaya gaban bango mai kallon gabas, rana na dukansa kai tsaye, zanen ya baje ba a ganin tudu da kwari. Irin wannan bangon sai wajen ƙarfe 10:30 zuwa 11:30, lokacin da rana ta ɗaga haskenta na gogar bangon daga sama. Mai kallon yamma kuwa daga wajen 1:30 zuwa 2:30 na rana. Mai kallon kudu, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ya fi kyau da hantsi ko da la'asar, don hasken daga gefe yake zuwa masa. Mai kallon arewa ba ya samun rana ko kaɗan daga ƙarshen Satumba har ƙarshen Maris a nan wajenmu. Shi sai da dabara: ɗalibi ɗaya ya tsaya a rana da madubi, ya karkato hasken ya bi jikin bangon daga gefe. A cikin zaure tocila ta isa, a riƙe ta dab da bango, hasken ya kwanta. Ranar da hazo ya sauko sosai inuwa ba ta fita, gara ki ɗaga fitar.

Yanzu batun shekaru. Fadar Sarkin Damagaram ana danganta gininta da tsakiyar ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimu, wanda doguwar sarautarsa ta kama daga 1851 zuwa 1884, shi ne kuma aka fi sani da ƙarfafa ganuwar Birni. Faransawa sun kama garin a 1899, ya zama hedikwatar mulkinsu a Nijar daga 1911 har aka mayar da ita Yamai a 1926. A 2006 Nijar ta saka unguwar Birni da fadar a jerin wuraren da take nema wa shiga kundin tarihin duniya na UNESCO. Ɗalibi ya haddace waɗannan, sai ya ɗauka duk abin da ya gani jikin tsohon bango na zamanin Tanimu ne. Ba haka ba ne. Ginin ƙasa kullum cikin gyara yake. Tubalin da ke ciki zai iya haura shekara ɗari, yaɓen da ke kansa na shekara talatin, fentin kuma na Sallar bara. Hoto fatar waje kaɗai yake ɗauka.

Ki nemi inda bango ya ɗan zube ko yaɓe ya ɓare, galibi a gindi ko ƙarƙashin indararo. Nan ne littafin yake a buɗe. Za a ga tubali, mai faɗin gindi da tsinin kai, an jera shi kan yana sama, ba kamar bulo mai kusurwa huɗu da ake bugawa a akwati ba. In aka ga bulo a tsakiyar tubali, an yi faci daga baya. Za a ga yaɓe hawa-hawa, kowane da launinsa. Mai duhun ja yakan zama makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Akwai kuma laso, mai tauri, wanda magina ke haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara don kare ruwa. Siminti da fentin mai ba su shigo ba sai bayan zuwan Turawa, don haka duk zanen da aka yanka a cikin siminti ba zai girmi ƙarni na 20 ba, ko da siffarsa tsohuwa ce. Haka in aka ga keke ko agogo ko jirgin sama a cikin ado, kamar yadda ake samu a wasu garuruwan Hausa, zanen ba zai riga abin zuwa ƙasar ba. Wannan ƙa'idar, cewa abu ba ya girmar mafi ƙuruciyar kayan da ke cikinsa, ita masu binciken tarihi ke aiki da ita ko'ina a duniya, kuma ɗalibin da ya gano ta da kansa a gindin bango ba ya mantawa.

A nan ne kuma za su ga illar siminti a kan ƙasa, abin da ke cin gidaje da yawa. Ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, siminti ba ya yi. Zafi da sanyi ba sa motsa su daidai, sai simintin ya tsage, ruwan damina ya shiga ta tsagar ya rasa mafita, ƙasar ciki ta jiƙe, wata rana fallen ya rabu ya faɗo gaba ɗaya da adonsa. Magini in ya ƙwanƙwasa ya ji ƙarar rami ya san an kusa. Shi zai ƙwanƙwasa, ba ɗalibai ba.

Kada ki tsaya a gini kaɗai. Babbar riga mai aska takwas ko aska biyu, a hoto ba a sanin ta hannu ce ko ta keke. Ki aro guda biyu, ki juya cikinsu. Ɗinkin keke a baya yana tafiya daidai wa daida da zaren ƙasa, na hannu kuwa ana ganin inda zare ya ƙare aka ɗaura wani, da inda hannu ya gaji ɗinkin ya ɗan buɗe. A tsohuwar riga a duba ko yadin na masaƙa ne, siraran saƙa da aka harhaɗa gefe da gefe, a ƙirga su. Rawanin da ya sha baba ya sha bugu, irin ɗan Kura, ƙyallinsa yana canjawa in an motsa shi, kuma yana barin shuni a yatsa. Kyamarar waya takan mayar da shi baƙi ko shuɗi mara rai. Wajen dukawa, jar fatar da aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi tana da ƙamshi da laushin da roba mai kwaikwayonta ba ta da shi. Tukwanen Miriya, kilomita 18 kawai daga nan, a ɗaga a ji nauyi, a leƙa ciki a ga sawun hannu, a duba baƙin tabon da wutar gashi ta bari a gefe guda.

Wanda ya fi duka burge ɗalibai shi ne takarda. In kin sami gidan malamai da ke da tsofaffin rubuce-rubucen hannu, ki roƙi mai su ya ɗaga falle ɗaya saitin haske. A yawancin takardun ƙarni na 19 na wannan yanki za a ga tambarin jinjirin wata uku a cikin jikin takardar, ba a kanta ba. Takardar Italiya ce, da ta biyo ayari daga Tarabulus ta Gat da Agadas ta iso Damagaram ta wuce Kano. Kin ga cinikin Sahara ke nan a falle ɗaya, kuma ba hoton shafin da zai nuna shi. Sai dai ki nemi littafin fiƙihu ko na waƙa, ba Alƙur'ani ba, don kada a shiga matsalar masu alwala da marasa ita. Mai littafin ne kaɗai zai taɓa. Fallayen a warware suke, ba a ɗinke ba, in suka hargitse mayar da su aiki ne.

Shirin fitar kuwa, rabinsa ke kaɗai za ki yi shi kafin ranar. Ki je ki zaɓi wurare uku, kada su wuce haka, masu kusa da juna yadda za a taka da ƙafa. Ki duba inda kowane bango ya fuskanta. Ki yi sallama da masu gidajen ta hannun mai unguwa, ki faɗa musu rana da lokaci da yawan yara. Fada kuwa sai da takarda daga makaranta tun da wuri, a kuma bi abin da dogarai suka ce game da inda ake shiga, inda ake cire takalmi, da inda ba a ɗaukar hoto. Ki guji Juma'a da lokutan salla. In za ki haɗa da gidan tarihin jiha, ki leƙa tukuna ki ga abin da ke baje a lokacin, ki zaɓi abu biyar ko shida. Watannin da suka dace Nuwamba zuwa Fabrairu. Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, ba yaron da zai tsaya kallon bango.

Kowane babba ɗaya ya riƙe ɗalibai 12 zuwa 15. Aji mai sittin a raba shi huɗu, ko a yi kwana biyu, ko ƙungiyoyin su riƙa musayar wurare. Lungunan Birni matsattsu ne, in kun fi haka na baya ba sa ganin komai, kuma kun tare wa mutane hanya. Kowa ya zo da kaye, wato littafin rubutu, da fensir da ruwa lita ɗaya. Biro ba ya gogewa, kuma yaro mai biro a hannu kusa da farin bango abin tsoro ne. Kowace ƙungiya ta riƙe igiya mai mita 5 da aka ƙulla a kowane rabin mita, da rula, da ƙaramin madubi, da tocila. Awa biyu zuwa biyu da rabi sun isa.

A kowane wuri, minti biyar na farko ba magana, ba rubutu, ba waya. Zai yi musu tsawo, su yi ta dariya, ki daure. Daga nan minti goma sha biyar na zane. Ki gaya musu ba kyau ake nema ba. Wanda ya zana dagi dole ya bi layin ya ga inda ya hau da inda ya shige ƙarƙashi, ya ƙirga madaukai, ya gano ko zare ɗaya ne ya zagaya ko biyu ne suka sarƙe. Mai ɗaukar hoto ba ya yin ko ɗaya cikin wannan. Sai awo: tsawo, faɗi, kaurin bango, tsayin ƙofa idan aka gwada da ɗalibin da ya fi kowa tsawo. Zurfin zane ke za ki auna, da tsinken tsintsiya a hankali, ki ɗora a rula. Bayan haka kowa ya rubuta abin da ya gani daban, abin da yake zato daban, da layi a tsakani. Hoto sai a minti biyar na ƙarshe, ɗaya daga gaba, ɗaya daga gefe, da mutum ko rula a ciki don a san girma.

In kin sami tsohon magini ya raka ku, fitar ta ninka daraja, amma ki jinkirta maganarsa sai yara sun gama nasu kallon. Da zarar babba ya ce wannan kaza ne, ido ya daina nema. Ki shirya musu tambayoyin da hannu ke amsawa: ina ake ɗebo ƙasar, me ake zuba mata, kwana nawa ake barin kwaɓin kafin a yi aiki da shi, da me aka yanka wannan layin, wa ya koya maka. Tambayar "yaushe aka gina" takan jawo amsar "tun kaka da kakanni", wadda gaskiya ce game da gidan, ba lalle game da yaɓen ba. Su rubuta amsar yadda aka faɗa, da suna da matsayin wanda ya faɗa, sannan su gwada ta da abin da bango ya nuna. In biyun sun saɓa, kada yaro ya ƙaryata dattijo a ƙofar gidansa, a kawo maganar aji. Kuma ki tanadi goron maginin da na masu gida a cikin kuɗin fitar, don ranar aikinsa ya bari.

Abubuwan da suka fi ɓata irin wannan fita sanannu ne. Jingina da bango da shafa shi: hannu ɗaya ba komai, hannu sittin kan tsohon yaɓe ɓarna ce. Ɗora takarda a kan zane a goga fensir don a kwafe shi yana ɓantare bakin zanen, a hana. Leƙa cikin gida ko ɗaukar matan gida hoto yakan sa a rufe ƙofar ga duk makarantar da za ta zo bayanku. Tsayuwa ƙarƙashin zanko ko rufin da ya tsage, musamman bayan damina, haɗari ne, shi ya sa zuwanki na farko ya zama dole. Sai kwaɗayin ganin komai a rana ɗaya, fada da masallaci da barikin Faransawa da kasuwar Dole, a dawo ba wanda ya riƙe ko ɗaya.

Darasin da ya biyo bayan fitar kada ya wuce mako. Ki manna zanen ɗalibai na bango ɗaya a jere, su ga yadda mutum goma sha biyar suka kalli abu ɗaya kowa ya tsallake wani abu. Sannan ki fito da hoton wurin, su lissafa abin da ya ɓace a cikinsa. Daga ranar duk hoton da kika nuna, na kan tsohon mutum-mutumin da aka tono a Bura da ke gidan tarihin Bubu Hama a Yamai ne ko na masallacin Yama a jihar Tawa, ki sa su fara da tambayoyin da suka koya: nawa ne girmansa, da me aka yi shi, daga ina haske ya zo, me ke bayansa. Abin da ba za a iya zuwa gani ba, a auna shi a harabar makaranta. A ja mita 5 da 'yan kai a ƙasa da alli don raƙumin dawan Dabus, ɗalibai uku su kwanta a jere a gefensa. A yanka kwali 77 da 53 don Mona Lisa a rataya a bango.

Shugaban makaranta kuma ki kai masa takarda ɗaya: wurare uku, awa biyu da rabi, sunayen manyan da za su raka, abin da za a kashe, da aikin da kowane ɗalibi zai miƙa a ba shi maki, wato zane ɗaya mai awo da shafi ɗaya da ke bayyana hawa nawa ya gani a bangon da wanne ya riga wanne.